Gidan kwana na bayan kasuwa: haya ta taru wata huɗu

Baban Ikram: Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Ku yi mini haƙuri, saƙon yau zai yi tsawo. Da yawanku kun san gidan kwanan marasa galihu da muke riƙe da shi a bayan kasuwa a nan Marwa, arewacin Kamaru, mai ɗaki huɗu da rumfar kwano. Daren jiya mutum 31 suka kwana ciki: yara maza 19, mata 7 da ƙananan 'ya'yansu 3, sai tsofaffi 2. Matan galibi daga wajen Kolofata da Amcide suke, wasu kuma ruwan 2024 ne ya koro su daga Yagwa, har yau ba su sami abin komawa ba. Yaran kuwa kun san su, su ne masu dako da tsintar ƙarafa da rana.

Ga lissafin wata a fili, da kuɗin sefa, jaka ɗaya sefa dubu ce. Haya jaka 45, mai gadi jaka 30, wuta da ruwa jaka 15, abinci jaka 150 (koko da safe, tuwo da dare), sabulu da magani jaka 20. Jimla jaka 260. A da wata ƙungiyar agaji ce ke ba mu jaka 180 duk wata. Wani ofishin gwamnati, ba zan kira suna ba, yana ba mu jaka 600 sau ɗaya a shekara, wato jaka 50 a wata in an raba. Sauran jaka 30 maƙwabta ke haɗawa. Ƙungiyar ta rubuto mana tun watan Maris cewa kuɗin da ake turo mata ya tsaya. Na ofishin kuma na bana shiru kake ji. Na je sau biyar. Ba su ce i ba, ba su ce a'a ba, kullum takardarmu tana kan hanya. Abinci muna lallaɓawa da abin da jama'a suka kawo da azumi da babbar Sallah, amma haya ta taru wata huɗu, jaka 180. Mai gidan ya ce in ƙarshen wata mai zuwa ya yi babu, mu miƙa masa makullinsa. Ban ga laifinsa ba, shi ma da hayar yake ci da iyalinsa. Ga hunturu ya fara kaɗawa. Me za mu yi?

Alhaji Mai Goro: Wa alaikumus salam. Allah ya saka da alheri, Baban Ikram. A turo yaro shago gobe ya ɗauki buhun shinkafa ɗaya da jarkar mai.

Baban Ikram: Allah ya ƙara buɗi, Alhaji, mun gode ƙwarai. Sai dai ka gafarce ni in faɗi abin da ke cina a rai. Shinkafa ba ta taɓa yi mana wuya kamar haya ba. Kowa yana son ya ga tukunya a kan wuta da sunansa. Amma ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce shi zai biya kuɗin wuta ko albashin mai gadi ba, alhali in babu rufi da ƙofa, a ina za a dafa shinkafar?

Ɗan Jami'a: Baba, da girmamawa, ni ban yarda a fara da karo-karo ba. Wannan aikin hukuma ne. Akwai ma'aikatar kula da jin daɗin jama'a, tana da ofisoshi a kowace jiha. Akwai dokar ranar 24 ga Disamba 2019 da ta ce abin da gwamnatin tsakiya za ta ware wa ƙananan hukumomi da jihohi kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigarta, kuma taimakon marasa galihu yana cikin ayyukan da aka miƙa wa meri, wato ƙaramar hukuma. Muna biyan haraji a kasuwa, muna biya a kan fetur, har aika kuɗi ta waya tun 2022 ana cire haraji. Duk ranar da muka toshe musu ɓaraka da aljihunmu, mun koya musu cewa ko ba su bayar ba gidan zai rayu. Baɗi ma ba za su sa shi cikin kasafi ba.

Inna Mai Ƙosai: ('Yarta ce ke rubuta mata.) Inna ta ce a gaya wa ɗan boko maganarsa gaskiya ce, amma ya zo da asuba ƙarfe biyar wajen kaskonta ya ga yaran da ba sa samun wuri a gidan, yadda suke zagaye murhu suna karkarwa kafin ma ta zuba mai. Ta ce ya karanta musu dokar, ko za su ji ɗumi.

Ɗan Jami'a: Inna, na ji, kuma na sha ƙosanki tun ina firamare, ba zan ja da ke ba. Amma ba cewa na yi a bar su a waje ba.

Inna Mai Ƙosai: Ta ce to me ka ce?

Uwar Biyu: Bari in shigo, don ni abin ya ci ni kai tsaye. Shekara shida ina aikin jinya da wata ƙungiya a wajen Mora, bana aka sallame mu. Ina so jama'a su fahimci cewa kuɗin ƙungiyar nan da Baban Ikram ya ambata ba jinkiri ya yi ba, kada mu zauna jiransa. Ranar 20 ga Janairu 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a dakatar da agajin ƙasashen waje na kwana 90, a farkon watan Yuli kuma aka rufe hukumar agajin Amurka, USAID, ɗungurungum. Ingila da Faransa da Jamus su ma duk sun rage nasu. Kuɗin irin wannan kuwa hannu-hannu yake bi: daga gwamnatin can zuwa babbar ƙungiya, daga ita zuwa ƙaramar ƙungiya ta ƙasa, daga ita zuwa irin gidanmu. In aka datse daga sama, na ƙarshen layi shi ake fara mantawa. Ko sansanin Minawawo da ke kusa da Mokolo, wanda ke nan tun 2013 da dubban 'yan gudun hijirar Najeriya, an sha rage musu rabon abinci, balle gida mai ɗaki huɗu da ba ya cikin rahoton kowa.

Na gwamnati kuma daban ne. Shi yana iya zuwa. Amma duk wanda ya taɓa bin kuɗi a ofis ya san akwai nisa tsakanin an rubuta a kasafi da an biya a baitulmali. Yana iya fitowa a Disamba, yana iya tsallakawa shekara mai zuwa, yana iya fitowa rabi. Mai gida kuwa wata-wata yake ƙirga.

Ɗan Kusseri: Yaya Uwar Biyu ta faɗi gaskiya. Ni na ga abin sau biyu da idona. A Disamba 2021, da rikicin makiyaya da masunta ya taso daga wajen Logon Birni ya iso Kusseri, mutane suka tsallake kogi zuwa Njamena, dubbai a kwana biyu uku. Wa ya fara karɓar su? Gidajen mutane, masallatai, coci-coci, makarantu. Motocin ƙungiyoyin agaji masu tuta sai daga baya. A Oktoba 2022 kuma ruwa ya cinye Waliya da unguwannin kudancin Njamena har gwamnatin Chadi ta ayyana dokar ta-ɓaci, sai ga wasu daga can sun tsallako wajenmu, mu da muka fake a wajensu wata goma baya. Kawuna ya kwantar da mutum 14 a garejinsa kusan wata biyu. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilu 2023 kuma, hankalin masu agaji duk ya koma gabas, wajen Adare, kan iyakar Chadi da Sudan. Ba laifinsu ba ne, can ma mutane ne. Amma mu na nan mu san cewa guntun gatarinmu ya fi sari ka ba ni.

Alhaji Mai Goro: To tunda an buɗe magana, bari in faɗi tawa, wanda zai ji haushi ya ji. Matan nan da tsofaffi, ba ni da ja. Amma yaran fa? Ni a kasuwa nake wuni. Cikinsu akwai masu shaƙar sholisho, akwai masu haɗiyar tiramol. Bara sun fasa mini shago ta rufi. Kuma wasunsu iyayensu suna nan da rai a ƙauye. In uba ya ji akwai gida a Marwa da ake kwana kyauta a ci tuwo kyauta, me zai sa ya zo neman ɗansa? Ina tsoron mu zama muna ɗaukar wa wasu nauyin da Allah ya ɗora musu.

Ɗan Kalando: Alhaji, ranka ya daɗe. Ban cika magana a zauren nan ba, amma yau dole. Kai ka san ni da babur, ba ka san ni kafin babur ba. Ina da shekara 11 na bar gida. Ba zan faɗi dalili ba, amma in da ka ga bayana a lokacin ba za ka ce a maida ni ba. Na kwana a tashar mota a nan Marwa, na kwana a ƙarƙashin tebur a kasuwar Garwa, na kai Ngaundare na zauna a tashar jirgin ƙasa wajen shekara biyu, har na laɓe a jirgi na je Yawunde. Can suna kiran irinmu nanga boko, masu kwana a waje. Sholisho na shaƙa, ba zan ɓoye ba. Ba don daɗi ake shaƙarsa ba, Alhaji. Don sanyi ne da yunwa da tsoron manyan yara da dare. In ka shaƙa sai ka daina ji.

Abin da ya fid da ni ba wa'azi ba ne, ba kuma buhun shinkafa ba, don shinkafar sadaka mun ci ta har mun gaji, musamman ranar Juma'a. Wani tsoho mai gyaran babur ne ya ce in riƙa kwana a rumfarsa, yana kulle ni ciki da dare. Daren farko da na yi barci ban sa takalmina a ƙarƙashin kai ba, shi nake tunawa har gobe. Sai da na sami inda zan kwana sannan na iya koyon riƙe sifana. Yaron da ya fasa maka shago, ban sani ba ko na gidan ne, amma na san ƙarfe tara mai gadi ke rufe ƙofa. Masu fasa rufi suna cikin waɗanda ba su sami wuri ba.

Ni zan ba da jaka 2 duk wata. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023 zuwa-zuwa, wato man bumburutu, ya daina araha, na gidan mai kuma lita ta kai sefa 840 a 2024, abin da nake samu ya ragu. Amma jaka 2 ba za ta kashe ni ba.

Alhaji Mai Goro: Ɗana, ban san haka ba. Allah ya jiƙan tsohon in ya rasu.

Ɗan Kalando: Ya rasu, Alhaji. Amin.

Malam na Zaure: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Akwai abin da nake so samari su sani, don ba su riske shi ba. A da garin nan ba ya buƙatar wani gida na musamman don mai neman wurin kwana. Kowane babban gida da zaurensa, kuma zaure na baƙo ne. Fatake su sauka a zango, almajiri ya kwana a zauren malaminsa, wanda dare ya yi wa a hanya ya shimfiɗa buzunsa a masallaci, da safe a miƙo masa koko daga cikin gida ba a tambayi sunansa ba. Zauren mahaifina ban taɓa ganinsa babu baƙo ba. Abin ya fara raguwa da aka koma gina gidaje da get maimakon zaure, amma abin da ya ƙarasa shi bama-baman Yuli 2015 ne, na ranar 22 da na ranar 25. Daga nan kowa ya ji tsoron baƙo. Aka riƙa kulle masallatai bayan isha'i, masu unguwa suka ce duk wanda ya sauke baƙo ya kai rahoto. Ni kaina na sa ƙofar ƙarfe a zaurena, kuma ban cire ta ba har yau. Ba na zargin kowa, tsoro ne na gaskiya. Amma mu sani cewa mutum 31 ɗin nan da can a zaurukanmu za su watsu, ɗaya nan, biyu can, ba wanda zai ji nauyinsu. Mu muka rufe ƙofofin. Gidan bayan kasuwa zaurenmu ne da muka haɗa wuri ɗaya muka bar wa Turawa biyan hayarsa.

Kuma abin yana da asali. A masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai rumfa da ake kira Suffa, inda sahabban da ba su da gida ko dangi a Madina suke kwana. Abu Huraira yana cikinsu.

Yaya ta Liyon: Allah gafarta Malam, wannan magana ta taɓa ni. Tambaya: zakkata ta bana ban fitar ba tukuna. Zan iya turo ta a biya bashin hayar?

Malam na Zaure: 'Yata, a nan sai an bi a hankali. Zakka tana da mutanenta takwas da aka lissafa a Suratut Tauba, aya ta 60, cikinsu akwai faƙiri da miskini da wanda bashi ya danne da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Mafi yawan mazauna gidan sun shiga ciki ta ƙofa fiye da ɗaya. Amma abin da malamanmu suka tafi a kai shi ne a miƙa ta ga mai haƙƙin, ta zama tasa. Ba a gina masallaci da ita, ba a gyara hanya da ita. Hayar nan kuwa bashi ne a kan ƙungiyar da ke riƙe da gidan. Don haka ni abin da na fi natsuwa da shi: zakka ta tafi ga matan nan da tsofaffi hannu da hannu, ko jari ko tufafi ko magani, haya da albashin mai gadi kuma a biya da sadaka. Akwai malaman zamani da suka sassauta, ban ce sun ɓata ba, amma abin da na karanta ke nan.

Sannan ga wani abu. Baban Ikram zai gyara mini, amma na san cikin yaran akwai waɗanda ba Musulmi ba, 'yan duwatsun Mandara da 'yan wajen Mayo Danai. Zakkar farilla jumhur sun ce ta Musulmi ce. Sadaka kuwa ba ta da wannan shinge, ana ba kowane mai rai. Ba na son ranar da za a ce tukunya biyu ake ɗorawa a gidan.

Baban Ikram: Haka ne, Allah gafarta Malam, yara 6 Kirista ne. Tukunya ɗaya ce kuma haka za ta zauna. Wani fada ma daga cocin da ke kusa yakan aiko mana da sabulu.

Ɗan Jami'a: To ga inda nake so a kai. In manoman da ke zauren nan za su fitar da zakkar hatsi, ɗaya bisa goma na damina, kuma ga masakuwa, dawar rani, tana tafe bayan hunturu, abincin matan da tsofaffi ya samu. Na yarda. Amma ina roƙo a rubuta a fili cewa abin da muke yi cike giɓi ne. A rubuta wasiƙa da sa hannun mutum ɗari, a kai ofishin nan, a kai wa superfe, wakilin gwamnati a gunduma, kwafi, a kai wa lawan da mai martaba lamido. A nemi a ba mu amsa a rubuce: kuɗin yana nan ko babu, kuma yaushe. Mutum ɗaya da ke zuwa sau biyar ana iya ce masa gobe. Ni zan rubuta ta da Faransanci yau da dare.

Kuma Baba, kada ka ji haushi, jaka 30 ga mai gadi bai kai mafi ƙarancin albashi ba. Tun 2023 doka ta kai shi jaka 60 a irin wannan aiki. Ba zai yiwu mu je neman haƙƙi muna danne na wani ba.

Baban Ikram: Ban ji haushi ba, ɗana, kunya na ji. Shi ma mai gadin ɗan gudun hijira ne, a gidan yake kwana yake ci, shi ya sa ya karɓa. Na san wannan ba hujja ba ce. Amma yau ba ni da amsarta. Wasiƙa kuwa rubuta, ni zan fara sa hannu. Ƙungiyarmu tana da takardar rajista daga ofishin perfe, na gaba da superfe, zan turo maka lambarta ta gefe.

Mai Shagon Waya: Ni dai tambayata ɗaya, kuma ba da kowa nake ba. An taɓa yin karo-karo a unguwarmu don gyaran famfo, kuɗi suka shiga, famfo bai fito ba, har yau wasu ba sa gaisawa. Wa zai riƙe kuɗin nan?

Yaya ta Liyon: Tambaya mai kyau. Mu na waje in mun ga hotuna da bidiyo mun fi samun ƙarfin gwiwa, har in nuna wa ƙawayena a nan su ma su sa hannu. A riƙa ɗora hoton yaran suna cin abinci a Facebook.

Uwar Biyu: Yaya, don Allah ban da fuskokinsu. Na yi aikin nan, na san abin da hoto ke jawowa. Cikin matan akwai wadda ta gudo daga hannun mutanen daji, ba ta son a san inda take. Yaran kuma za su girma. Ɗan Kalando ya faɗi labarinsa yau don ya ga dama, da bakinsa. Da an ɗauke shi hoto yana ɗan shekara 11 da robar sholisho a hanci, da ba shi ya zaɓa ba. A ɗauki hoton rasit, a ɗauki hoton buhuna da littafin lissafi, a ɗauki hoton tukunya in ana so.

Kuɗi kuma shawarata: layi ɗaya na Orange Money ko MTN da sunan ƙungiya, waya a hannun mutum ɗaya, lambar sirri a hannun wani daban, kuma duk ranar 5 ga wata a liƙo abin da ya shiga da abin da ya fita a nan zauren. Haya kada ma ta biyo ta hannun kowa, a tura wa mai gida kai tsaye. Mai turawa ya haɗa da kuɗin cirewa, in ba haka ba jaka ɗari sai ta koma jaka casa'in da wani abu.

Yaya ta Liyon: Na karɓi gyara, ƙanwata. Ban yi tunanin wannan ba.

Hajiya Uwar Adashi: Ni shekara 22 ina riƙe adashin mata, bari in gaya muku abin da na sani game da kuɗin jama'a. Wanda ya ce zai ba da jaka 20 yau saboda zuciyarsa ta motsa, wata uku ba za ka sake ganinsa ba. Wadda ta ce ɗari biyar, ita ce za ka samu bayan shekara biyar tana nan. Kada ku nemi manyan kuɗi. Mu 212 ne a zauren nan. Mutum ɗari su ɗauki jaka ɗai-ɗai, an sami jaka 100. Haya da mai gadi da wuta da ruwa jaka 90 ne. Rufi ya tsaya ke nan, ko Yawunde ta turo ko ba ta turo ba. In nasu ya zo, a sa shi a abin da ba ya mutuwa in an jinkirta: katifu, gyaran bayan gida, takardun haihuwar yaran. Don na ji an ce mafi yawansu ba su da ita, kuma babu ita yaro ba ya zana jarrabawar gama firamare, sai an bi ta kotu, kotu kuma kuɗi ce.

Amma fa a sami mai bi. Adashi ba ya tara kansa. Ni zan bi mata, a samo mai bin maza, mai kunya kada ya karɓi aikin.

Malam na Zaure: Hajiya ta yi fassarar hadisin Nana A'isha ba ta sani ba: aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. In kuma Allah ya hore wa wani, abin da ya fi duka shi ne wakafi. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a, Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibara, ba a sayarwa, ba a gado, amfaninta na mabuƙata. Shago ɗaya a kasuwa da hayarsa ke shiga gidan nan ya fi taron tara kuɗi goma. Ban kira sunan kowa ba.

Alhaji Mai Goro: Allah gafarta Malam, ko ba ka kira suna ba kowa ya san inda ka dosa. Wakafi ba zan yi alkawarinsa a waya ba, ina da 'ya'ya 13, sai na zauna da su. Abin da zan iya: ƙaramin shagona na layin masu takalma, hayarsa jaka 25 ce, na bar wa gidan ta shekara ɗaya daga wata mai kamawa. Bayan shekara mu ga yadda lissafi ya tafi. Amma da sharaɗi. Duk yaron da aka san garinsu, a nemi iyayensa. Wanda gida ya fi masa, a maida shi, ni zan biya motar. Wanda komawa cuta ce gare shi, kamar yadda ɗana ya faɗa, a bar shi. Ɗan Kalando shi zai tantance, shi ya san idonsu.

Mai gidan kuma surukin ƙanena ne. Zan same shi bayan la'asar.

Ɗan Kalando: Na karɓa, Alhaji. Amma sai a hankali. Yaro ba ya faɗin sunan garinsu na gaskiya sai ya yi wata biyu yana ganinka.

Mai Kula da Zaure: Jama'a, na goge saƙonni uku da suka karkata zuwa jam'iyyu da zaɓe. Dokar zaure tana nan. Wanda zai ɗauki alkawari ya rubuta sunansa da adadi kawai, Hajiya tana tattarawa.

Ɗan Jami'a: Ɗaya daga ciki nawa ne, na yi kuskure. A rubuta ni ɗari biyar, ɗalibi ne ni. Wasiƙa ta kammala, shafi ɗaya, na tura wa Baba ya duba.

Hajiya Uwar Adashi: Zuwa yanzu mutum 47, jimla jaka 58 a wata, ban da shagon Alhaji. Da shi jaka 83. Saura jaka 7 a rufe haya da gadi da wuta, abinci kuma ba mu taɓa shi ba. Mutum 165 sun karanta sun yi shiru, ina ganin sunayenku.

Alhaji Mai Goro: Na dawo daga wajen mai gida. Ya ce a ba shi wata biyu, jaka 90, kafin Juma'a ta sama, sauran biyun ya yarda a biya jaka 15 duk wata har su ƙare. Amma ya ce daga Janairu haya ta koma jaka 50, wai akwai mai son gidan ya yi ma'ajiyar albasa. Na yi iya yina, bai sauko ba.

Yaya ta Liyon: Jaka 90 ɗin ta Juma'a zan turo rabi gobe, sadaka ba zakka ba, Malam ya shaida. A samo mai cika rabin.

Baban Ikram: Allah ya saka wa kowa. Ke nan daga Janairu abin da ake nema a wata ya zama jaka 95, da jaka 15 ta bashi, 110, kuma maganar albashin mai gadi tana nan ban manta ba. Gobe bayan sallar asuba zan kasance a ƙofar masallacin kasuwa da wasiƙar, mai son sa hannu ya zo da katin ɗan ƙasa.

Inna Mai Ƙosai: Inna ta ce a rubuta ta ɗari biyar, kuma ƙosan da ya rage kullum na gidan ne kamar yadda aka saba. Ta ce tana da barguna biyu tsofaffi da tabarma ɗaya, Ɗan Kalando ya biyo ya ɗauka kafin magariba, don ita ƙafarta ba ta kai bayan kasuwa.